Zan bar gidan haya in koma filina kafin a gama gini, ku ba ni shawara

Mai Fili: Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina karanta abin da ake rubutawa a zauren nan ban taɓa cewa uffan ba, yau dai abin ya biyo ta kaina. Ina da fili, faɗi mita 15, tsawo mita 30, shekara uku ke nan da sayensa. An zuba harsashi, bulo ya kai taga, sai kuɗi suka tsaya. Hayata za ta ƙare nan da wata biyu, mai gida kuma ya ce sai na shekara cif, har da ƙari. Shi ne nake tunanin in kafa ɗan ɗaki na wucin gadi ko in ajiye kwantena a filin, in kwashe iyali mu koma, kuɗin hayar kuma in zuba su a gini. Mu biyar ne: ni, uwargida da yara uku, babban shekara 7, mai bi masa 4, autar wata 18. Babu ruwa a wurin, ba a ja wuta ba, maƙwabta gida biyu ne kacal suka tare. A lissafina wata shida zuwa takwas zan rufe ɗaki biyu da falo mu shiga. Uwargida ta ce "to", amma irin "to" ɗin nan da kuka sani. Wanda ya taɓa yi ya faɗa mini gaskiya, ba lallashi nake nema ba.

Tsohon Ɗan Haya: Wa alaikumus salam. Tattara kayanka ka tafi, ɗan'uwa. Shekara 11 na yi ina gina wa wani gida da kuɗin hayata, ranar da na tashi ko ƙusa ɗaya ban cire ba don ba tawa ba ce. Da kwana a katifar wani gara tabarmarka.

Baba Magini: Yaro, sannu da ƙoƙari, Allah ya sa albarka. Na haura shekara 30 ina riƙe da cokalin gini, na yi aiki da masu gida da yawa da suka zauna a kan aikinsu. Amfanin a fili yake. Siminti ya daina yin ƙafa, rodi ya daina raguwa da daddare, lebura kuma in ya san mai gida na leƙowa ta taga ba ya kwaɓa buhu ɗaya da yashin buhu biyu. Ga ban ruwa: mai gida da ke kwana a wurin shi ke jiƙa bulo da kankare safe da yamma, abin da in ka bar wa yara sai su yayyafa sau ɗaya su ce an yi.

Amma kafin ka kafa sanda ko ɗaya, ɗauko zanen ginin ka shimfiɗa a ƙasa, ka kira wanda ya zana. Akwai wani mai gida da na yi wa aiki, ya kafa rumfarsa a bakin fili don ya riƙa ganin mai shiga da mai fita. Ranar da tifa ta zo da tsakuwa babu ta inda za ta shiga. A titi aka juye, kwana biyu leburori suna kwasa da baro, kuɗin kwasar ya kusa kama na tsakuwar. Wani kuma ya ɗora ɗakinsa daidai inda aka zana ramin sokawe. Da aiki ya kai nan sai da aka rushe ɗakin, ana tsakiyar damina, iyalinsa a ƙarƙashin tamfol. Ka ware hanyar mota, ka ware wurin juye yashi da tsakuwa, wurin kwaɓi, wurin ramuka. Abin da ya rage shi ne naka, kuma a fili kamar naka za ka ga bai fi kusurwa ɗaya ba.

Maman Biyu: Malam Mai Fili, da na ga "wata shida zuwa takwas" sai da na ajiye waya na yi dariya, ba don raini ba. Da bakin nan maigidana ya gaya mini "wata shida". Shekara huɗu da wata biyu muka yi a ɗakin. Na shiga da goyo, na fito ɗan yana ɗaukar jakar makaranta.

Maza lissafin bulo kuke yi, to bari in yi maka lissafin wadda za ta wuni a wurin. Kai da safe za ka saɓa riga ka fita aiki. Ita ce za ta zauna da ƙura. Ƙurar siminti ba irin ta hanya ba ce, laushi gare ta kamar hoda, tana shiga akwatin da ka kulle. Na sha wanke zanen gado in shanya, kafin ya bushe ya yi tauri kamar an sa masa sitaci. In na share kunnen yarona da auduga toka-toka take fitowa. Ƙarfe bakwai na safe maza goma suna tsaye a ƙofarki, wannan a ba shi ruwan sha, wannan zai sa cajin waya, wannan yana tambayar banɗaki. Ba ki da sakewa a gidanki har rana ta faɗi.

Abin da ba zan manta ba shi ne duro. An yanke bakinsa ana tara ruwan kwaɓi, an jingina bulo biyu a gefe don lebura ya taka ya ɗiba. Ina wanki na juya baya, na waiga sai na hango tafin ƙafar yarona a sama, ya taka bulon ya leƙa, kansa ya rinjaye shi. Ban san lokacin da na isa wurin ba. Allah ya tsare, ruwan bai kai rabi ba, amma har yau in na ga duro a buɗe gabana faɗuwa yake. Kana da 'yar wata 18. Ita nake ji, ba kai ba.

Tsohon Ɗan Haya: Hajiya, Allah ya ƙara tsarewa. Amma yanzu a ina kike kwana? Ba a gidanki ba? To ai wahalar ta biya.

Maman Biyu: A gidana nake kwana, Alhamdulillahi. Amma da mun ci gaba da haya ina jin a shekara biyu da mun gama. Zan faɗi dalili anjima, bari in sallami yara.

Injiniya: Bari in sa lambobi a maganar, don Yaya Mai Fili ya yi lissafi da su.

Ruwa tukuna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum ɗaya na buƙatar lita 50 zuwa 100 a rana don sha, girki, wanka da wanki. Ku biyar, ko a mafi ƙaranci lita 250 ke nan, ya fi duro guda mai lita 200, kullum ta Allah. Wannan ban da ruwan gini, wanda ya fi na gida ci nesa ba kusa ba. In babu rijiya ko burtsatse a wurin, saye za ka riƙa yi, kuma wani yanki na kuɗin hayar da kake murnar tsira da su nan zai bi.

Sai masai. Ƙa'idar da ƙungiyoyin agaji ke bi, wadda ake kira Sphere, ta ce ramin masai ya nisanci rijiya da aƙalla mita 30, kuma gindin ramin ya kasance aƙalla mita ɗaya da rabi sama da inda ruwan ƙasa yake. Filinka 15 da 30 ne. Daga kusurwa zuwa kishiyar kusurwa mita 33 da rabi ne kawai. Ka ga ke nan in za ka yi rijiya, wuri ɗaya tak ya rage wa masai, kuma rijiyar maƙwabcinka ma tana cikin lissafi, katanga ba ta tare abin da ke tafiya a ƙarƙashin ƙasa. Shawarata kada ka haƙa ramin wucin gadi. Ka yi sokawen gidan na dindindin tun yanzu a inda aka zana shi, ka haɗa banɗakin wucin gadi da shi. Ko ba daɗe ko ba jima sai ka yi shi, to gara kuɗin su tafi sau ɗaya.

Kwantena kuma: mai ƙafa 20 cikinta wajen mita 5.9 ne da 2.35, bai cika murabba'in mita 14 ba. Ita waccan ƙa'idar ta Sphere ta ce ko a sansanin 'yan gudun hijira a bai wa kowane mutum aƙalla murabba'in mita 3.5 na rufaffen wuri. Ku biyar 17.5 ke nan. Ban ce ba za ku shiga ba, na dai faɗa maka girmanta.

Mai Kwantena: An taɓo ni. Wata 14 na yi a ciki, amma ni kaɗai, ba mata ba yaro. Da rana tanda ce, ba ƙari. Na taɓa barin kyandir a kan tebur na dawo na tarar ya kwanta. Da asuba kuma in gari ya yi sanyi, numfashinka ne ke taruwa a rufin ƙarfen yana ɗigo maka a fuska. Sai da na kafa rumfar kwano a samanta na bar tazarar kamu biyu iska na wucewa, na yanka taga biyu suna kallon juna, na lulluɓe ciki da soso da filawud, sannan ta zaunu. Da na tara abin da na kashe, har da motar da ta kawo ta da ƙugiyar da ta sauke ta, ashe ɗakin bulo zai gina mini. Abu ɗaya na yaba mata: in ka garƙame ta ka tafi hankalinka kwance, kuma da na gama na sayar da ita. Don Allah in za ka ja mata wuta a sa mata wayar ƙasa, wato wadda ke kai wutar da ta ɓalle cikin ƙasa, gida ne na ƙarfe, waya ɗaya ta ɓare duk jikinta ya ɗauka.

Mai Fili: Na gode ƙwarai, jikina ya ɗan yi sanyi. Kwantena dai na cire ta. To me zai hana in gama ɗaki ɗaya da banɗaki a cikin gidan kansa, mu shiga, a ci gaba da sauran muna ciki? Ka ga ba asarar ko bulo ɗaya. Sai dai zanen na bene ne, akwai dekin a sama.

Injiniya: Nan ne zan ce maka a'a da babbar murya. Kankare mai kaurin santimita 15 nauyinsa kilo 360 ne a kowane murabba'in mita. Ɗaki mai mita 4 da 4 kusan tan shida ke nan a saman kanku, kuma a kwanakin farko sandunan tokara ne kaɗai ke riƙe da shi. Kankare sai ya kwana 28 ake ɗauka ya kai ƙarfin da aka zana shi a kai, a kwana 7 bai wuce kamar kashi biyu cikin uku ba. Ana barin tokara mako biyu zuwa uku gwargwadon faɗin ɗakin, kuma duk kwanakin farko ana ba shi ruwa yana tsiyaya ƙasa. Ina za ka sa katifa? Ba a kwana a ƙarƙashin dekin ranar zuba shi, ba a kwana a ƙarƙashinsa da tokara. Ko bayan an cire, ana ɗora bulo a sama, guntun bulo ɗaya ya suɓuce wa lebura daidai lokacin da yaro ya fito wasa, ba sai na ƙarasa ba.

Baba Magini: Injiniya ya faɗi gaskiya, ni kaina ba na yarda in zuba dekin da mutane a ƙasa. Ga tawa dabarar, yaro. A zanenka babu sito ko ɗakin maigadi a jikin katanga? In babu a ƙara. Ka gina shi gini na gaske, da bulo, da kwano, ka raba shi biyu, banɗaki a gefe. Ku zauna a nan. Ranar da kuka shiga babban gida ya koma sito ko masaukin baƙi, ba a rushe komai ba. Sannan ka ja shinge tsakaninsa da wurin aiki, ko na kwano ne, da ƙofa mai sakata a sama inda hannun yaro ba ya kaiwa. Leburori a yi musu nasu wurin kewayawa da nasu tankin, kada su saba da ƙofar iyalinka.

Kada kuma ka ce tunda kana wurin bari ka tara siminti a ɗakin kwana. Na ga masu yi. Siminti yana shan danshin iska, in ya haura wata uku a ajiye ƙarfinsa ya fara sauka. Ka saya daidai aikin da ke gabanka, a ɗora a kan katako, kada ya taɓa ƙasa ko bango, kada a jera fiye da buhu goma.

Ƙanin Lauya: Ku yi haƙuri in shigo da abin da ba a so. Mallakar fili daban, izinin zama a cikinsa daban. A wurare da yawa hukumar tsara gari tana da ta cewa kan abin da za a kafa a fili, ko na kwana kaɗan ne. A Amurka, misali, kowace ƙaramar hukuma da nata tsarin: wata ba ta yarda mutum ya zauna a motar-gida a filinsa ba sam, wata za ta ba shi izini na 'yan watanni amma sai ya nuna takardar izinin gini da inda ƙazantar banɗaki za ta tafi, kuma da izinin ginin ya ƙare na zaman ma ya ƙare. Wasu unguwannin da kamfani ya yanka ya sayar ma akwai sharaɗi a takardar sayen kanta. Ka buɗe takardunka ka karanta, ka je ofishin da ya sa hannu a zanenka ka tambaya, kuma in sun amsa su amsa a rubuce. Ɗakin da Baba Magini ya ce a ƙara, a shigar da shi cikin zanen da aka amince da shi.

Tsohon Ɗan Haya: Ikon Allah. Filina, kuɗina, gumina, sai na nemi izinin kwana? Wa zai zo ya tashe ni?

Ƙanin Lauya: Wanda zai zo ba ya sallama, jan fenti yake shafawa a bango ya wuce. Galibi kuma maƙwabci ne ke kai ƙara, ba hukuma ce ke yawo tana nema ba. Tambayar ba ta cin komai, rushewar ce ke ci.

Anti Nas: Ni ta ɓangaren aikina zan yi magana. Mai Fili ya ce babu wuta, na san janareta zai saya, kuma na san saboda tsoron ɓarayi zai so ya jawo shi kusa da ɗaki da daddare, ko ya sa shi a cikin kangon. Don girman Allah kada ka yi. Hayaƙinsa na ɗauke da iskar da ba ta da wari ba ta da launi, tana kama jini fiye da yadda iskar da muke shaƙa ke kamawa sau sama da 200. Ciwon kai, jiri, tashin zuciya, sai barci, daga nan shi ke nan. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ce a ajiye shi a waje, aƙalla ƙafa 20, wato mita 6, daga ƙofa da taga. Gawayi a rufaffen ɗaki ma haka yake kisa.

Ɗanyen siminti kuma yana ƙona fata, ba zafi ake ji nan take ba sai bayan awanni. Yara suna son taka kwaɓi da ƙafa. In ya taɓa su a wanke da ruwa mai yawa nan da nan, in ya shiga ido a yi ta zuba ruwa a tafi asibiti. A duba katin rigakafin yaran, kai da uwargida ma ku tabbatar da allurar tetanus, wurin gini ƙusa ce ko'ina. Ramin da ruwa ya kwanta da duron da ba murfi, cikin kwana 7 zuwa 10 sauro ya ƙyanƙyashe ya tashi. Gidan sauro ba zaɓi ba ne.

Mai Kwantena: Ƙari a kan na Anti: sola ta fi kwanciyar hankali. Faranti ɗaya mai wat 400 a rana mai kyau yana ba ni abin da ya kai kilowat-awa ɗaya da rabi, ya riƙe ƙwayayen fitila, fanka da cajin waya. Janareta a bar shi wa mai walda da rana. Solar kuma ka tafi da ita babban gida.

Maman Biyu: Na dawo. Dalilin da na ce da haya ta fi mana sauri shi ne wannan. Lokacin da muke haya, duk sanda wa'adi ya matso maigidana ba ya barci, ko ta halin ƙaƙa sai ya nemo kuɗi, kuma haushin biyan ne ke tura shi wurin gini. Da muka tare a filin sai mai matsa masa ya ɓace. Babu mai ƙwanƙwasa ƙofa. Kuɗin hayar da aka ce za a zuba a gini ban taɓa ganinsu a dunƙule ba, sun narke a cefane, kuɗin mota saboda nisan wurin, ruwa, wannan ɗan'uwa ba lafiya, wancan zai yi aure. Sannan muka fara gyara ɗakin wucin gadin. Zafi ya yi yawa, a sa silin. Ƙasa na tashi, a sa tayil. Yara sun girma, a ƙara rumfa. Kowane gyara yana da hujja, kuma kowane gyara yana ƙara mana jin daɗin zama, kangon kuma yana tsaye ciyawa na fitowa a falo. Shekara ta biyu har kaji na zuba a ɗakin da aka ce nawa ne. Wallahi sai da ya zamana in baƙi suka zo ba ma jin kunyar kangon, mun daina ganinsa.

Baba Magini: Hajiya ta taɓo inda yake ciwo. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Akwai gidajen da na ajiye cokali na ce sai an kira ni, masu su suna zaune a ɗakin baya, har yau ba a kira ni ba. Rodin da muka bari a tsaye ya yi tsatsa.

Tsohon Ɗan Haya: Wannan ai halin mutum ne, ba laifin fili ba. Mai sakaci ko a haya yake sakaci zai yi.

Maman Biyu: Malam, mijina kake kira mai sakaci?

Shugaban Zaure: A yi haƙuri, a tsaya a kan magana. Tsohon Ɗan Haya, janye.

Tsohon Ɗan Haya: Na janye, Hajiya, ba da shi nake ba. Abin da nake nufi, akwai maganinsa: ranar da ka saba biyan haya, ka ci gaba da biya, amma wa mai bulo. Ni haka na yi, duk wata ina kai kuɗin wurin mai buga bulo in karɓi rasit, ko ban tashi ɗauka ba. Abin da ba ya aljihunka ba ka cin sa.

Injiniya: Wannan dabara ce mai kyau in mai bulon amintacce ne. Yaya Mai Fili, yi wannan lissafin a takarda: tara duk abin da zaman zai ci wanda ba zai zama ɓangaren gidan ba, shinge, ruwan saye, ƙarin kuɗin mota zuwa aiki da makarantar yara, ɗaukar kaya sau biyu. Raba shi da hayar wata ɗaya. Abin da ya fito shi ne watannin da za ka yi kafin ka fara cin riba. In ya fito wata bakwai kuma kana cewa wata takwas za ka yi, wahalar banza za ka sha. Kuma wata takwas ɗin nan, me ka gina a shekara ukun da suka wuce? Daga harsashi zuwa taga. Da wannan saurin za ka auna, ba da fata ba.

Uwar Auta: Assalamu alaikum. Ni ce mai "to" ɗin. Bai san ina zauren nan ba, ƙawata ce ta sa ni tun bara. Na karanta komai tun daga sama, Maman Biyu Allah ya saka da alheri, kin faɗi abin da na kasa faɗa. Abban yara, ban ƙi ba, ni ma na gaji da ganin mai gida a ƙofa. Amma ga nawa: ba zan tare ba sai banɗaki na aiki da ƙofarsa, sai tanki na tsaye da ruwa a ciki, sai shingen da Baba ya faɗa. Katangar fili a gama ta a sa get, don gida biyu ne a unguwar kuma kai kana kaiwa dare. Ranar zuba dekin ni da yara za mu tafi gidanmu sai an cire tokara. Kuma ba na son tayil a ɗakin, ba na son fenti, a bar shi yadda zai riƙa damun mu duka.

Mai Kwantena: Yau ake yin ta. Yaya Mai Fili, kana nan kuwa?

Maman Biyu: Ƙanwata, ki ƙara ɗaya: a rubuta ranar fita a jikin bango da gawayi, inda zai riƙa gani in ya kwanta.

Mai Fili: Ina nan. Tana ɗaki ina falo, ta waya muke magana, kun ga irin ta. Na karɓi sharuɗɗan. Na yi lissafin Injiniya, katanga da get da sokawe da ɗakin ba za su kammalu a wata biyu ba, ko na sayar da babur. Gobe zan je in roƙi mai gida ya karɓi na wata shida.

Mai Fili: (bayan mako bakwai) 'Yan uwa ga inda aka kwana. Mai gida ya yarda da wata shida bayan an kai ruwa rana. An ƙara sito a zanen, an sa hannu. Sokawe an haƙa an rufe, ɗakin ya kai linta a kusurwar baya, katanga saura gefe ɗaya. Ni kaɗai nake kwana a can ranakun da aka kawo kaya, a ƙarƙashin tamfol, kuma tun da na fara buhu ko ɗaya bai ɓata ba. Sai dai wajen haƙa ramin mun tarar da ruwa a mita uku da rabi, maƙwabcina kuma ya ce rijiyarsa tana bayan katangata ta gabas.

Injiniya: Ta gabas? Sokawen a wace kusurwa yake, kuma zurfinsa nawa kuka tsaya? Ɗauki tef ka auna daga bakin ramin zuwa rijiyar tasa ka turo mini yau, kafin a haɗa bututu.

Baba Magini: Kuma lintar nan da aka zuba, wa ke ba ta ruwa ranakun da ba ka kwana a can?